Chiang Mai: Tarihi da fasalin wuraren ibadar mabiya Buddha a tsohon birnin arewacin Tailan

Da yawanmu abin da muka sani game da ƙasar Tailan bai wuce buhun shinkafa ba, sai kuma Bankok inda 'yan kasuwa ke zuwa sarin kaya. To amma can arewacin ƙasar, kimanin kilomita 700 daga Bankok, akwai wani tsohon birni mai ganuwa da ƙofofi da ake kira Chiang Mai, ana furta shi Ciyang Mai. Birnin na zaune ne a bakin kogin Ping, duwatsu sun kewaye shi, kuma abin da ya fi shahara da shi shi ne wuraren ibadar mabiya addinin Buddha. Akwai irinsu fiye da 300 a birnin da kewayensa. Fiye da 30 daga ciki suna cikin ganuwa ne, a filin da kowane gefensa bai kai kilomita biyu ba.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Tailan mabiya Buddha ne, a kan tafarkin da ake kira Theravada, wanda shi ne ake bi a Siri Lanka da Bama da Lawos da Kambodiya. Wanda ya kafa addinin, Siddhartha Gautama, an haife shi a Lumbini da ke ƙasar Nefal ta yau, shekaru ɗaruruwa kafin haihuwar Annabi Isa. Wurin ibadarsu kuwa da harshen Tai sunansa "wat", shi ya sa za ku ga kowane suna a nan yana farawa da wannan kalma.

Yadda aka kafa birnin

Sarki Mangrai ne ya kafa Chiang Mai a shekarar 1296. Ma'anar sunan ita ce "sabon birni". Kafin nan ya kafa Chiang Rai a 1262, sannan ya ci tsohuwar daular Hariphunchai da yaƙi, inda garin Lamphun yake a yanzu. Mutanen Hariphunchai sun daɗe da addinin Buddha, sun kuma ƙware a gini da sassaƙa, don haka Mangrai ya gaji malamansu da maginansu. Daular da ya kafa ita ce Lanna, wato ƙasar gonakin shinkafa miliyan.

An zana birnin mai kusurwa huɗu, aka kewaye shi da ganuwa da gwalalo mai ruwa. Yana da manyan ƙofofi biyar, kowace da aikinta a al'ada. Ta arewa, Chang Phuak, ita ce ƙofar da sarki ke shiga gari. Suan Prung da ke kudu maso yamma ta nan ake fitar da gawa. Tha Phae da ke gabas ita ke kallon kogi, ta nan fatake ke shigowa. Gwalalon yana nan har gobe, ganuwar kuwa saura kusurwoyi da wasu sassa da aka sake ginawa.

Abin da ke cikin wat

Wat fili ne mai katanga, da gine-gine da dama a ciki, kowane da amfaninsa. Wanda ya san su ba zai ruɗe ba duk inda ya shiga.

Na farko shi ne wihan, babban zauren da jama'ar gari ke taruwa su saurari wa'azi. A ƙuryarsa ake ajiye babban mutum-mutumin Buddha, kuma galibi ƙofarsa gabas take kallo.

Na biyu ubosot, ɗakin da ake naɗa sabbin malaman addinin, waɗannan masu aske kai da mayafi ruwan goro. Ana gane shi da duwatsun iyaka guda takwas da ake kafawa kewaye da shi. A yankin Lanna ubosot ƙarami ne, domin na malamai ne kawai, wihan ne ke da girma.

Na uku chedi, doguwar hasumiya mai faɗin gindi da tsinin kai. Ba a shiga cikinta, a cike take da tubali. Abin da ake binnewa a ciki shi ne ɓurɓushin ƙashin da suka yi imani na Buddha ne, ko tokar gawar wani sarki ko babban malami, tunda ƙona gawa suke yi. Masu ibada na zagaya ta sau uku, tana hannun damansu.

Na huɗu ho trai, ɗakin littattafai. A da ana rubuta littattafansu ne a kan ganyen wata bishiya dangin giginya, da harshen Pali da kuma rubutun Lanna da ake kira Tham. Babban abokin gabar irin wannan littafi gara ce da laima, shi ya sa ake ɗora ɗakin a kan dogon gindi na bulo, wani wurin ma a tsakiyar tafki.

Sauran su ne kuti, ɗakunan kwanan malamai, da rumfar hutawa, da hasumiyar ƙararrawa ko ta ganga, sai bishiyar bodhi, dangin ɓaure, irin wadda suka ce a ƙarƙashinta Buddha ya sami wayewar zuciya.

Fasalin ginin Lanna

Wanda ya fara ganin wuraren ibadar Bankok, masu dogayen fararen bango da ƙyalli, in ya zo Chiang Mai zai ga bambanci nan take. Ginin arewa gajeren bango gare shi, rufin ne ke da girma. Rufin yakan sauko hawa-hawa, biyu ko uku, wani na hawa kan wani, har ya kusa taɓa ƙasa. Tagogi ƙanana ne, ciki da ɗan duhu. Yanayin wurin ne ya kawo haka: ruwan damina mai ƙarfi yana buƙatar rufi mai gangara, sanyin hunturu a tsakanin duwatsu kuma yana buƙatar ɗaki mai riƙe ɗumi.

Abu na biyu shi ne katako. Dazukan arewacin Tailan cike suke da itacen tik a wancan zamani, itace mai mai a jikinsa wanda gara ba ta cika cinsa ba. Ginshiƙan tik ne ke ɗauke da nauyin rufin ta hanyar wani tsarin jera katakai hawa-hawa, bangon kuwa kariya ce kawai. Ana shafe ginshiƙan da wani ƙaro ja ko baƙi, sannan a manna ganyen zinare a kai ta cikin ƙirar da aka huda. Wannan ado shi ake kira lai kham, wato zanen zinare. Goshin ginin kuma sassaƙa ce ta furanni da rassa, a yi mata ado da gutsattsarin gilashi masu launi.

A bakin matakala kusan ko'ina za ku ga macizai biyu manya, ɗaya dama ɗaya hagu. Sunansu naga. A labarinsu wani sarkin macizai ne ya yi wa Buddha laima da kansa lokacin wani ruwa mai ƙarfi, don haka suke ɗaukar naga a matsayin mai gadi. A ƙarshen tsinin rufi kuma akwai wani siririn ado mai kama da wuyan tsuntsu, chofa.

Wat Chiang Man: mafi tsufa

Wannan shi ne na farko da aka gina a cikin ganuwa, wajen 1297, a wurin da Mangrai ya yi zango yana lura da aikin birnin. Abin kallo a nan shi ne chedin da giwaye 15 na bulo da shafe ke ɗauke da shi a bayansu, rabin jikinsu ya fito daga gindin ginin. Akwai kuma wani allon dutse da aka rubuta a 1581, wanda ya ambaci ranar kafa birnin, 12 ga Afrilu 1296.

Wat Phra Singh

Sarki Phayu ya fara gina shi a 1345 don ajiye tokar mahaifinsa, Kham Fu. Sunan ya samo asali ne daga wani mutum-mutumi, Phra Buddha Sihing, da aka kawo a 1367. Masana gini na ɗaukar ƙaramin zaurensa, Wihan Lai Kham, a matsayin ɗaya daga cikin mafi kyawun misalan ginin Lanna. Zanen bangon cikinsa na ƙarni na 19 ne. Labaran addini da tatsuniya aka zana, amma mai zanen ya saka mutanen zamaninsa a ciki: irin ɗaurin zanen mata, gyaran gashi, maza masu zanen allura a cinya, fasalin gidaje. Yau masu binciken tarihi na duba bangon nan don su san yadda mutanen arewa suka rayu. Ɗakin littattafansa ma sananne ne, sama katako, ƙasa bulo mai siffofin halittun sama da aka yi da shafen farar ƙasa.

Wat Chedi Luang: ginin da girgizar ƙasa ta sare wa kai

A tsakiyar gari yake. Sarki Saen Muang Ma ya fara shi a ƙarshen ƙarni na 14 don tokar mahaifinsa, bai kuma ga ƙarshen aikin ba. Sai a zamanin Tilokarat, wanda ya yi mulki daga 1441 zuwa 1487, aka kammala. Tsawonsa ya kai kimanin mita 80, babu ginin da ya kai shi a duk ƙasar Lanna.

A 1468 aka ajiye wani ƙaramin mutum-mutumi na koren dutse, mai tsawon santimita 66, a ɗakin gabas na hasumiyar. A 1545 aka yi girgizar ƙasa, kimanin mita 30 na saman ginin ya rufto. 'Yan shekaru bayan haka Sarki Setthathirath ya tafi da koren mutum-mutumin Luang Prabang a Lawos, daga can aka kai shi Vientiane. Sojojin Siyam suka ƙwace shi a 1779, yanzu kuma yana Wat Phra Kaew a harabar babbar fadar Bankok, inda ake ɗaukarsa abu mafi daraja a ƙasar baki ɗaya. Kun ga ke nan yadda abu guda ya yi ta yawo tsakanin dauloli, duk wanda ya yi ƙarfi ya ɗauke.

A harabar nan ne kuma ginshiƙin gari yake, Inthakhin, wanda Sarki Kawila ya dawo da shi nan a 1800. Kowace shekara a farkon damina ana yi masa bikin kai furanni na kwanaki. Wannan al'ada ta girmama iskokin gari ta girmi zuwan addinin Buddha, amma sun haɗe wuri guda.

Wat Suan Dok da Doi Suthep

Waɗannan biyu labarinsu ɗaya ne. Sarki Kue Na ya gayyato wani malami mai suna Sumana daga Sukhothai don ya kafa tafarkin karatun Siri Lanka a Lanna. A farkon shekarun 1370 sarkin ya ba shi lambun furanninsa da ke yamma da ganuwa, aka gina Wat Suan Dok, ma'ana wat na lambun fure. Chedinsa mai siffar ƙararrawa, irin na Siri Lanka, yana da tsawon mita 48. A gefensa akwai fararen kaburbura masu yawa na gidan sarautar Chiang Mai, waɗanda Gimbiya Dara Rasmi, 'yar gidan kuma matar Sarki Chulalongkorn na Siyam, ta sa aka tattaro nan a 1909.

Sumana ya zo da wani ɓurɓushin ƙashi. Tarihin baka ya ce ƙashin ya rabu biyu, aka binne ɗaya a Suan Dok, ɗayan aka ɗora wa farar giwa aka sake ta. Giwar ta hau dutsen Suthep, ta yi kuka sau uku, ta durƙusa ta mutu. A nan aka gina Wat Phra That Doi Suthep, a 1383 bisa lissafinsu. Yana kimanin kilomita 15 daga gari, sama da mita 1,000 daga doron teku. Ana hawa matakala fiye da 300, jikin naga ya bi gefenta tun daga ƙasa har sama. Chedin an lulluɓe shi da faranta masu ruwan zinare, da manyan laimomi na ƙarfe a kusurwoyinsa huɗu.

Wat Chet Yot da Wat Umong

Tilokarat ya gina Wat Chet Yot a 1455, ana dab da cikar addinin shekara 2,000 a lissafinsu. Ya kwaikwayi ginin Mahabodhi na Bodh Gaya a Indiya. Sunan na nufin tsini bakwai, saboda hasumiyoyi bakwai da ke kan rufinsa. A nan aka yi babban taron malamai a 1477 don tace littattafan addinin, abin da ke nuna matsayin Chiang Mai a fagen karatu a lokacin. Tokar Tilokarat ma a nan take.

Wat Umong kuwa a daji yake, gindin dutsen Suthep. An san shi da hanyoyin bulo da aka gina kamar kogo a ƙarƙashin tudun da chedi ke kai. Wuri ne na masu kaɗaita da zuzzurfan tunani, ba shi da ƙyalli irin na cikin gari.

Mulkin Bama da zaman kufai

A 1558 Sarki Bayinnaung na Bama ya ci Chiang Mai. Lanna ta shafe fiye da shekara 200 galibi a ƙarƙashin Bama. Alamar wannan zamani na nan a Wat Ku Tao, wanda chedinsa ƙwallaye biyar ne aka jera, babba a ƙasa ƙarami a sama, kamar an ɗora kankana kan kankana.

A tsakiyar shekarun 1770 Kawila, ɗan sarautar Lampang, ya haɗa kai da Sarki Taksin na Siyam suka kori Bama. Sai dai yaƙi ya riga ya cinye garin. Mutane suka watse, birnin ya zama kufai na kusan shekara 20, daji ya rufe wuraren ibada. A 1796 Kawila ya dawo, ya shiga kwaso mutane daga ƙasashen Shan da Kengtung da sauran yankuna yana zaunar da su. Kowace ƙabila ta yi unguwarta da wat ɗinta. Maƙeran azurfa, alal misali, suka zauna a Wua Lai, kudu da ganuwa, kuma har yau sana'ar na nan. Saboda haka yawancin zaurukan katako da ake gani yanzu na ƙarni na 19 ne ko bayansa. Hasumiyoyin bulo ne suka fi tsufa.

A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin Ingila masu saran tik suka shigo da ma'aikata 'yan Bama da 'yan Shan. Waɗanda suka yi kuɗi a cikinsu suka gina wurare irin na ƙasarsu, da zakuna a bakin ƙofa. Daga wannan zamani ne kuma zauren Wat Phan Tao, wanda tik ne zalla. Asalinsa zauren fada ne, aka kwance shi aka sake haɗawa a nan a 1876. Dawisun da aka sassaƙa a saman ƙofarsa alamar sarauta ce.

Khruba Siwichai

Ba a maganar wuraren nan a bar sunan wannan malami, wanda aka haifa a 1878 a yankin Lamphun. Shi ya jagoranci gyaran wurare da dama a arewa, ciki har da Phra Singh da Suan Dok, da kuɗi da ƙarfin talakawa. Babban aikinsa shi ne hanyar hawa Doi Suthep. An fara ta a Nuwamba 1934, aka gama a Afrilu 1935, dubban mutane suka yi aikin gayya da fartanya da diga.

Farin jininsa bai yi wa hukuma daɗi ba. Tun 1902 Bankok ta yi dokar da ta tattara dukkan malaman ƙasar ƙarƙashin shugabanci ɗaya, ta kuma ƙayyade wanda ke da izinin naɗa sabbi. Siwichai ya ci gaba da bin tsohuwar al'adar arewa, aka tsare shi aka kai shi Bankok bincike fiye da sau ɗaya. Yau mutum-mutuminsa na gindin dutsen, masu hawa na tsayawa su gaishe shi.

Halin da ake ciki yau

Babbar muhawara a yanzu ita ce ta gyara. A farkon shekarun 1990 an gyara Chedi Luang da tallafin UNESCO da gwamnatin Jafan. An bar kansa a sare, tunda babu tabbacin yadda yake a da, amma masana sun yi ƙorafin cewa wasu sabbin sassan fasalin tsakiyar Tailan aka yi musu, ba na Lanna ba. A wurare da dama kuma masu ba da sadaka sun fi son sabon gini mai ƙyalli, sai a rushe tsohon katako a zuba siminti. Tik ma ya yi tsada tun da gwamnati ta hana sare dazuka a 1989.

Ruwa ma na nasa aikin. A Satumba 2022, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon chedin Wat Sri Suphan mai kimanin shekara 500 ya tsage ya rushe. Wannan wat ɗin shi ne na unguwar maƙeran azurfa, wanda aka lulluɓe ubosot ɗinsa da faranta masu sassaƙa, yawanci na alminiyam, da azurfa a muhimman wurare. Tun 2015 Chiang Mai na cikin jerin wuraren da Tailan ta gabatar wa UNESCO don neman shiga kayan tarihin duniya.

Duk da masu yawon buɗe ido, wuraren na aiki kamar da. Da asuba malamai na fita da kwanoninsu jama'a na zuba musu abinci, ba sa kuma cin abinci bayan tsakar rana. Samari da yawa na shiga malanta na ɗan lokaci su fito. A bikin sabuwar shekara, Songkran, 13 zuwa 15 ga Afrilu, ana zagaya gari da Phra Buddha Sihing ana yayyafa masa ruwa, mutane kuma na kai yashi wat, wai don mayar da ƙasar da suka kwasa a tafin ƙafa cikin shekara. A Nuwamba ake bikin fitilu na Yi Peng.

Ga mai niyyar zuwa

Ana cire takalmi kafin shiga zaure. A rufe kafaɗa da gwiwa. In an zauna, kada a miƙe ƙafa tana kallon mutum-mutumi ko malami, cin fuska ne babba a wurinsu. Mace ba ta taɓa malami, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, akwai kuma ɗakunan da ba a barin mata su shiga, kamar na Inthakhin da ubosot na Sri Suphan. Babu wanda zai tilasta wa baƙo rusunawa ko kunna turare. In kun ga shekara kamar 2568 a allo kada ku ruɗe, kalandarsu na gaba da ta Miladiyya da shekara 543, wato 2025 ke nan.

Daga Nuwamba zuwa Janairu ne yanayi ya fi daɗi. Maris da Afrilu akwai zafi da hayaƙin ƙona gonaki. Musulmi kuma ba zai rasa masallaci da abincin halal ba. Birnin na da tsohuwar al'ummar Musulmi, jikokin fataken da suka zo da alfadarai daga lardin Yunnan na ƙasar Sin, da kuma waɗanda suka zo daga yankin Bengal. Masallacin Ban Ho na mutanen Yunnan, wanda aka gina tun shekarun 1910, yana kusa da kasuwar dare, a wani layi mai shagunan abincin halal. A nan za ku sami khao soi, taliya a cikin miyar kwakwa mai yaji, abincin da aka fi sanin Chiang Mai da shi.